Dodge Demon ta 2018 da Demon 170 ta 2023

Motocin nan biyu injinsu V8 ne, wato mai silinda takwas, mai lita 6.2, amma shekara biyar ɗin da ke tsakaninsu ta canza abubuwa sosai. Ta 2018 tana fitar da ƙarfin doki 840 idan an zuba mata man tsere, kuma ta cinye rubu'in mil, wato kimanin mita 402, cikin daƙiƙa 9.65. Ta 2023 kuwa ta kai doki 1,025 da man E85, wato fetur da aka gauraya da sinadarin ethanol har kashi 85 cikin ɗari, ta kammala wannan tazara cikin daƙiƙa 8.91.

Ƙarin doki 185 bai rage ko daƙiƙa ɗaya cikakkiya ba, domin a irin wannan gudu ba ƙarfin inji kaɗai ke aiki ba. In taya ba ta kama ƙasa ba, ƙarfin a hayaƙi yake tafiya. Shi ya sa tashin Demon 170 ya fi burge ni: daga tsaye zuwa mil 60 a awa cikin daƙiƙa 1.66, alhali yayarta sai da 2.3.

Amma fa da fetur na gama-gari, Demon 170 a doki 900 take tsayawa, ta 2018 kuma 808.