Safiyon da muka ɗauko kan rigimar lungunmu

In filinku awon igiya ne kuma maƙoci ya fara sauke bulo, ku nemi safiyo mai rajista tun kafin a haƙa fandisho. Wannan ofishin da muka yi aiki da su a nan Kano masu zaman kansu ne, ba zan kama suna ba kar a ce talla nake, amma gaskiya aikinsu ya yi, sai ɗan abin da ba a rasa ba.

Filin Baba ne a wajen Kumbotso, ƙafa 50 da 50. Dillalin da ya yanka gonar ya bar lungu amma da baki kawai, takardar ciniki ba ta ce komai kan hanya ba, shi kuma Alhajin da ke gabanmu ya ja katanga ya cinye kusan rabin lungun har adaidaita ba ta iya shiga, ga ruwan kwatarsa duk ya juyo ƙofarmu.

Abin da ya fara burge ni, ogan ya ƙi fara awo sai an kira mai unguwa da shi Alhajin da waɗanda suka sa hannu a takarda. Ni da na ɗauka ɓata lokaci yake, ai mu muka biya. Ya karɓi takardun ɓangare biyu, yaransa suka kafa na'urar nan mai ƙafa uku da GPS, suka auna namu suka auna na Alhaji har da na bayanmu, tef ma sai da suka ja a gaban kowa saboda dattijai sun fi yarda da abin da idonsu ya gani. Da Alhaji ya fara ɗaga murya sai kawai ya ce masa, ranka ya daɗe ni ba alƙali ba ne, takardarka ta ce ƙafa 50 katangarka kuma ta wuce haka, sauran magana tana hannun mai unguwa. Wallahi wurin ya yi tsit. Daga baya aka yi sulhu, Alhaji ya yarda zai ja katangarsa baya, aka dasa bikon na siminti a kowace kusurwa, aka rubuta faɗin lungun kowa ya sa hannu.

To inda suka ba ni haushi shi ne zanen filin da za su ba mu bayan awo. An ce sati mai zuwa, sati mai zuwan nan ya ƙi zuwa, ka kira waya a ce oga yana fil, wato ya fita aiki. Sannan kuɗin siminti da na mota ba su faɗa tun farko ba sai a wurin aiki muka ji, haba. Da zanen ya fito dai yana da hatimi da sa hannu, na kuma tabbatar ogan yana da rajistar SURCON, hukumar da ke yi wa safiyo rajista a Najeriya, don 'yan tef da igiya da yawa ma safiyo suke kiran kansu.

Kuma sun faɗa mana ƙiri-ƙiri wannan zanen ba C of O ba ne, wato takardar shaidar mallaka ta gwamnati, tun dokar filaye ta 1978 ƙasa tana hannun gwamna, shaidar mallaka sai mun bi ta KANGIS, hukumar bayanan filaye ta jihar Kano, da kanmu.

Zan sake kiransu in za a raba gonar gadonmu, amma sai an rubuta kuɗin komai da ranar ba da zane kafin in ba da ko sisi.