Keken awo mai babbar taya: a kan kwalta ya yi, a cikin laka sai da kula

A aikin hanya ba a cewa "ramin yana gaba da gidan mai". Cewa ake yana 12+350, wato kilomita 12 da mita 350 daga inda aka fara ƙirga. Safiyoyi, wato masu awon ƙasa, na kiran wannan lamba ceneji. Da ita ake rubuta kwalbati da faci da zaizaya, da ita ake lissafin kuɗin ɗan kwangila, kuma keken awon da ake turawa da hannu shi ne hanya mafi arha ta fitar da ita.

Mai babbar taya ya kamata a saya, faɗinta kusan santimita 32, juyi ɗaya mita ɗaya. Agogonsa kan ƙirga har mita 9,999.9, ba ruwansa da batir. Ƙaramar taya ta cikin gini ce, a kan burji tsalle take yi.

A kan lafiyayyar kwalta ba a raina shi. Aibinsa ɗaya, kuskurensa taruwa yake. Laka mai kaurin milimita 2 kacal in ta manne wa tayar, kewayenta zai ƙaru da kusan milimita 13: ka taka mita 1,013, agogo na nuna 1,000. Tayar da ta cinye kuwa ƙari take yi. Sai kwanar hanya. A tsakiyar hanya ake ƙirga ceneji, amma tsoron motoci kan tura mai awo gefen kwalta, mita 3.65 daga tsakiya. A kwana mai digiri 30, wannan kaɗai ya kawo ƙari ko ragin kusan mita 2.

Maganin ba wuya. Kafin a fita, a auna mita 100 da tef ɗin ƙarfe, a tura keken sau uku, a rubuta bambancin. Duk gada ko kwalbatin da zanen aiki ya ba da lambarsa, a tsaya a daidaita, a shafa fenti a gefen kwalta. A riƙa lura da maɓallin mayar da sifili, domin ƙafa kan taɓa shi ba a sani ba, da hunturu kuma a kaɗe ƙurar da ke shiga haƙoran agogon.

Layin bututu kuwa ba wajensa ba ne. Bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai kilomita 614, gonaki da daji yake ratsawa. Keken zai hau kowace kunya ya sauka, ya ƙirga hawan da saukar duka. Can sai GPS ɗin safiyo da turakun kilomita.