Rumsiki ko Maga: ina sabuwar Hilux za ta fara shiga daji?

Alhaji, ka ce ka sayi Hilux mai ƙofa huɗu, ba ka canza mata ko ƙusa ɗaya ba, tayoyin kamfani ne a jikinta, kuma ba ka taɓa sauka daga kwalta da ita ba. Kana so ka san inda za ka fara gwada ta yanzu a watan Oktoba, hawan Rumsiki ko gangaren Maga da Pus, duka a arewacin Kamaru. Na bi duka biyun da irin motarka, kuma ni dai Rumsiki zan ce maka.

Na san da yawa za su ce akasin haka, don ido ya fi tsoron dutse. Amma dutse duk abin da zai yi maka a fili yake, kana ganinsa tun daga nesa. Daga Marwa zuwa Mokolo wajen kilomita 80 ne, daga nan kuma wajen 50 na ƙasa da duwatsu da zaizayar ruwa har ka shiga ƙasar Kapsiki. Abin da hanyar take nema a wurinka haƙuri ne kawai. Inda hawan ya yi tsauri ka tsaya cak, ka sa L4, wato ƙaramar giyar da ke jan ƙafa huɗu, ka ba ta giya ɗaya ko biyu, ka ɗauke ƙafa daga kuloci ta riƙa taka kanta. A gangara ma haka, injin ya riƙe ta, kar ka dafa burki har ya yi wari. In ka ga babban dutse a tsakiyar hanya, ɗora taya a kansa, kar ka raba shi tsakanin ƙafafun motar, domin ƙullun aksil na baya shi ne ya fi komai kusa da ƙasa. Kuma ka fitar da manyan yatsunka daga cikin sitiyari, don in taya ta bugi dutse yana fizgewa.

Raunin tayoyin kamfani a can shi ne gefensu, ba shi da kauri, dutse mai kaifi yana tsaga shi. Rage iska kaɗan, kamar bar 1.8, ta fi rungumar dutse, amma kar ka wuce haka sosai. Safaya lafiyayya dole ce.

Wajen Maga labarin daban ne, kuma nan nake so ka saurare ni da kyau. Fili ne shimfiɗe kamar faranti, ba tudu ba kwari, shi ya sa yake yaudarar baƙo. Da ka bar babbar hanya ka shiga baƙar ƙasar nan da Fulani ke kira karal, wadda ake dasa masakwa, wato dawar rani, a cikinta, to a Oktoba samanta ya bushe har ya tsattsage, ƙarƙashi kuwa taɓo ne kamar kunun kanwa. Ni na kafe a irinta bayan Girbidik. Ɓawon ya fashe, taya ta nutse, na ƙara wuta, cikin ɗan lokaci cikin motar ya zauna daram a ƙasa. Na sauka na duba, zanen tayar duk ya cike da laka ta zama sumul kamar tulu. Masu dashen masakwa ne suka bar aikinsu suka zo, muka yi ta haƙa da shebur ɗaya, muna ɗaga ta da jak a kan katako muna cusa ciyawa da itace, tun hantsi har bayan la'asar. Allah ya saka musu da alheri.

A irin wannan wuri gwanintar direba ba ta cika amfani ba. Taya mai manyan haƙora ake bukata, da mota ta biyu mai igiya, kai kuwa ba ka da ko ɗaya. Sannan in motarka ba ta da makullin aksil na baya, taya ɗaya tana samun santsi ƙarfin duk can zai tafi, ɗayar ta tsaya tana kallo. In har an zo jan ka, a ɗaura igiya a ƙugiyar da aka yi don haka, ba a ƙwallon jan tirela ba, don yana karyewa ya tashi kamar harsashi.

Ruwa kuma duka ɓangarorin suna da shi. Mayo, wato rafin damina, da ke saukowa daga duwatsun Mandara yana iya cika cikin ɗan lokaci ko da ba a yi ruwa a inda kake ba. Hilux ta 2015 zuwa yau kamfani ya ce tana shiga ruwan santimita 70, amma wannan ruwa ne kwantacce mai ƙasa mai tauri. Ka sauka ka taka da ƙafarka tukuna. Ruwa ya shiga ta maƙogwaron iska, injin ya tafi ke nan.

Ko ina ka nufa, kar ka tafi da bodi fanko. Bayan a-kori-kura ba shi da nauyi, sai tsalle da sulɓi a kan gargada, buhu biyu na hatsi ɗaure a kan aksil sun isa su kwantar da ita. Da ka dawo kwalta ka mayar da ita H2, wato jan ƙafa biyu, ka cika iskar taya, don tafiya da H4, jan ƙafa huɗu, a busasshiyar kwalta tana cin ƙarfen motar.

Abu ɗaya da Maga ta fi Rumsiki shi ne nisa da iyakar Najeriya, saboda sha'anin tsaro. Don haka in Rumsiki ka nufa, ka tsaya a Mokolo ka tambayi jandarma da direbobin tasha halin da hanya take ciki a ranar, ka fita da sassafe, ka dawo kafin magariba. Maga kuwa ka bar ta sai Janairu ko Fabrairu, lokacin karal ya yi tauri kamar siminti, masakwa ta nuna. In ka shirya a lokacin ka yi mini magana, mu tafi da mota biyu mu ci kasuwar Pus ranar Talata.