Shagon da ya shafa wa kayan tsohon babur ɗina kurom a Birmingham

Babur ɗin da nake farfaɗowa BSA Bantam ne samfurin 1964, ɗaya daga cikin ƙananan baburan da kamfanin BSA na Birmingham ya yi ta ƙerawa tsakanin 1948 da 1971. Injinsa bai ba ni wahala ba, amma duk ƙarafan da a da suke walƙiya tsatsa ta cinye su: kan babur, kik, zoben fitila, salansa da rim guda biyu. Na kai su wani ƙaramin shagon shafa kurom, wato farin ƙarfen nan mai ƙyalli da ake lulluɓe kayan babur da shi, a bayan garin, wanda masu gyaran tsofaffin babura suka yi mini kwatance, kuma abin da zan bayyana a nan shi ne yadda aikin ya kasance.

Abin da ya fara burge ni shi ne mai shagon bai yi maganar kuɗi ba sai da ya baje kayan a kan tebur, ya duba su ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin fitila. Ya bayyana mini cewa kurom ɗin ado siriri ne ƙwarai, kaurinsa bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba, saboda haka ba ya cike rami kuma ba ya ɓoye ƙarzuwa, sai ma ya ƙara fito da su fili. Yawancin ƙyallin da ido yake gani na nikel ne, wani farin ƙarfe da ake shafawa a ƙarƙashin kurom, shi kuwa nikel yana bin siffar ƙarfen da aka ɗora shi a kai. Ke nan abin da mutum yake biya a irin wannan shago aikin hannu ne na guga, tsomawa a tankin lantarki kuwa ita ce mafi ƙanƙantar aikin.

Da ma na yi niyyar in kai kayan a fesa musu yashi domin in rage musu aiki, ya hana ni, domin yashi mai kaushi yana barin ƙananan ramuka waɗanda sai an ci ƙarfe da yawa kafin su ɓace. Abin da ya nema daga gare ni shi ne in kwance komai, in cire roba da notuna, in zare wayoyin rim, in wanke maiƙo, sannan in ɗauki hoton kowane abu tare da rubuta jerinsu. Cire tsohon kurom da nikel aikinsu ne, kuma da sinadari da lantarki suke yi, ba da kankara ba.

Salansar kuwa ya ƙi karɓarta. Injin Bantam irin wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai ne, don haka cikin salansar ya cika da maiƙo da kunkunniya na shekaru masu yawa, waɗanda idan suka zubo a tanki za su lalata ruwan sinadarin har su ɓata kayan wasu. Ya ba ni shawara in sayi sabuwa, alhali kuwa da ya karɓa kuɗi ne zai shiga aljihunsa. Wannan gaskiyar ce ta sa na saki jiki da shi.

Inda gwanintarsu ta fi fitowa shi ne kan babur, wanda tsatsa ta huda shi kamar fuskar mai zanzana. Sun fara da sanfefa mai kaushi, suna sauka zuwa mai laushi daki-daki, kowane mataki yana share sawun wanda ya gabace shi, sannan suka shafa masa jan ƙarfe mai kauri suka sake gogewa, domin jan ƙarfe yana da taushi kuma yana cike ƙananan ramukan da guga ba ta kai gare su ba. Bayan haka ne nikel ya hau, kurom ya biyo baya. Da na karɓa na juya shi a rana, ban ga ko ɗigon rami ba, kuma wurin da ya lanƙwasa bai sirance ba, wanda shi ne abin da na fi tsoro, tun da bututun da aka ci da yawa yana iya karyewa a hannun mai tuƙi. Zoben fitila ma, duk da sirantakarsa, ya dawo bai lotsa ba.

Sai dai akwai abubuwa biyu da suka ɓata mini rai. An yi mini alkawarin mako shida, aikin ya kai mako tara, kuma ba wanda ya kira ni sai ni nake bibiya. Na biyun ya fi zafi: ba su rufe zaren da noti yake hawa a jikin kik ba, nikel ya taru a kansa har notin ya ƙi shiga. Zaren baburan Ingila na wancan zamani da inci ake auna shi, ba irin na milimita da ya cika kasuwa yanzu ba, saboda haka sai da na sha yawo kafin na sami abin da zan sake buɗe shi. Haka kuma tambarin da aka buga a jikin rim ɗin gaba ya dushe saboda guga ta yi masa yawa, abin da ba zai sake dawowa ba, kuma ga mai son babur ya koma kamar yadda ya fito daga masana'anta wannan asara ce ta gaske.

Na dakatar da rim ɗin baya tun farko domin in ga kamun ludayinsu, kuma zan mayar musu da shi. Amma a wannan karo zan zagaye tambarin da alli, in rubuta a takardar karɓar kaya cewa kada guga ta taɓa shi, sannan in nemi a rubuta mini ranar da zan karɓa.