Alli ko sitiyari: amsar tambayar Alhaji kan ɗansa

Alhaji, tun daren jiya na ga tambayarka, na bari sai da gari ya waye don kada in amsa da gaggawa. Ka ce yaronka ya gama ENIEG, makarantar horon malaman firamare, a nan Garwa, ya karɓi takardar CAPIEMP ta shaidar malanta, shekara biyu ke nan yana koyarwa a wani ƙauye ta wajen Pitowa, iyayen yara ne ke biyansa. Ga kawunsa kuma ya ce ya zo ya bi babbar mota tsakanin Ngaundere da Injamena. Kana son sanin wanne ya fi.

Ni shekarata 19 ina riƙe da alli. Wana da muke ciki ɗaya direban tirela ne tun ina ɗan lekol, shi ya biya mini kuɗin makaranta ma. Tuwon gida biyun duk na ci.

In maganar kuɗin yau ake yi, mota ta yi gaba, babu musu. Malamin da iyaye ke biya yana cin abin da ƙungiyar iyaye ta iya tarawa ne, ni da sefa dubu 20 na fara, shi ma sai an sayar da auduga yake zuwa cikakke. A 2023 gwamnatin Kamaru ta ɗaga mafi ƙarancin albashin ma'aikatan kamfanoni zuwa dubu 60, amma wannan doka ba ta san hanyar ajin zana ba. Da an shiga hutun Yuli da Agusta kuwa, biya ya tsaya. Karen mota ko bai da albashin kirki, yana da kuɗin abincin hanya, yana da ɗan abin da ake samu wajen lodi da sauke kaya, kuma duk dawowa akwai abin da zai ajiye wa mahaifiyarsa.

Sai dai abin da kawun bai faɗa masa ba, ba sitiyari za a miƙa masa ba. Jak za a miƙa masa, da tamfol, da bokitin wanke mota. Shi ne mai sauka da gudu ya sa wa taya waigi in mota ta tsaya a hawan dutsen Mbe, shi ne mai kwana ƙarƙashin mota yana gadin batir da mai. Wana ya yi shekara shida a haka kafin wani ya yarda ya ba shi mota, bayan ya sami permi na manyan motoci da kuɗin aljihunsa. Yaron da ya saba yara tamanin na miƙewa tsaye in ya shigo aji, ka tambaye shi ko zai iya jure direba ya daka masa tsawa a gaban mutane a tasha.

Abin da na lura da shi, aikin nan biyu duk jira ne, irin jiran ne ya bambanta.

Malami yana jiran Yawunde, inda gwamnati take. Ya jira a buɗe ɗaukar malaman kwantiragi, ya jira sunansa ya fito, ya jira lambar matrikil ta ma'aikacin gwamnati, sannan ya jira bashin watannin da ya yi yana aiki ba albashi. Takarda takan kwana a ofis har ta yi ƙura. Wannan jiran ne ya haifi yajin aikin malamai da ake kira OTS a farkon 2022, lokacin da malaman sakandare suka riƙa zuwa makaranta amma suka ƙi taɓa allo, na firamare kuma suka bi sahu. Jira ne mai cin rai a hankali, musamman ga saurayin da abokansa masu tuƙa babur a kasuwar Garwa duk sun yi aure.

Direba yana jiran kaya. Jirgin ƙasa ya kawo kaya daga Duwala ya sauke a Ngaundere, inda layin dogo ya ƙare tun 1974, sai a zauna a tasha ana jiran layi da takardun BGFT, ofishin da ke kula da jigilar kaya ta mota. Mako guda ba abin mamaki ba ne. In an ɗau hanya, tsakanin Ngaundere da Kusiri kilomita 750 ne ko kusa da haka, wanda a takarda ba komai ba ne. Amma akwai sikeli, akwai shingen jandarma da na duwan, wato kwastan, kowa da nasa hannun. Daga Mora zuwa Dabanga zuwa Kusiri kuwa, duk direban da ya bi ta nan da damina yana da labarin kwanakin da ya yi a taɓo yana jiran a janyo shi. Tun da rikicin Boko Haram ya taɓa yankin a 2014, wasu suka gwammace su zaga ta Tuboro da Mundu ko da hanyar ta fi tsawo. Ka isa gadar Ngeli, ga Injamena kana hango ta ƙetaren Logon, sai wani jiran ya fara.

Maganar jiki kuma, kada a raina wahalar aji. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke wuce digiri 40, ka tsaya ƙarƙashin kwano da yara fiye da tamanin, wannan da Fillanci ya zo, wancan da Tupuri, wancan da Giziga, kai kuma dole ka koya musu karatu da Faransanci. Maƙogwaro ne ke fara mutuwa. Amma da la'asar kana gida. Wana yanzu bai iya doguwar ruku'u saboda baya, idonsa ya yi rauni da tuƙin dare, kuma sunan 'ya'yansa uku a waya ya ji shi, ba ya nan aka yanka rago. Duk shekarun nan babu mai motar da ya taɓa yi masa rajista a CNPS, asusun fanshon ma'aikata. Ranar da ya ajiye makulli, ranar kuɗi suka tsaya. Ni kuwa albashina bai taɓa kai abin da yake samu a wata mai kyau ba, amma banki ya ba ni bashin da na gina ɗaki biyu saboda lambar matrikil ɗin nan kawai, kuma akwai fansho a gaba.

Wani abu da ba a lissafa wa malami: dogon hutu da damina yake faɗowa. Gonar masara da gyaɗa da nake yi a wata biyun nan ita ke riƙe rumbuna. Direba gonarsa sai dai a noma masa.

Ra'ayina, Alhaji, da yaron bai yi ENIEG ba da na ce ya bi kawunsa tun yau, don tuƙi sana'a ce mai rufin asiri, kuma Hausawa da yawa a garin nan da ita suka gina gida suka je Makka. Amma takarda na hannunsa, ya kuma riga ya zuba shekara biyu a aji, waɗanda za su yi masa amfani ranar da aka buɗe ɗauka in akwai shaidarsu a rubuce. Ya je ya karɓi takardar shaidar aiki daga shugaban makarantar da sufeto, kowace shekara da tata, ya adana.

Sannan ka bar shi ya bi motar a hutun nan na Yuli da Agusta, tun da dama ba a biyansa. Damina ce, zai ga hanyar a mafi munin halinta. Ka roƙi kawun kada ya sassauta masa don ɗan 'yar'uwarsa ne, ya sa shi duk aikin da yake sa sauran yara. In ya dawo farkon Satumba, kada ka tambaye shi a gaban kawun. Ka bar mahaifiyarsa ta tambaye shi, ita zai faɗa wa gaskiya.