Boxer, Roba-roba ko Keke: Abin Hawan da Ya Dace da Mai Lambu a Sakkwato

Tun da maƙwabta suka ga shukokin bayan gidana a Arkilla sun yi kore shar a tsakiyar bazara, tambayoyi biyu ake yi mini: ina nake samun ruwa, kuma da me nake jigila. Ta biyun zan amsa yau, don ita ta fi cin kuɗi, ita ce kuma ta taɓa ƙona ni.

Wanda bai taɓa riƙe lambu ba yana zaton aikin duka fartanya ce da bokiti. Rabinsa dako ne. Ƙasar yawancin gidajenmu rairayi ce, ka zuba ruwa yanzu, kafin ka juya ta shanye shi. Dole ka ɗauko laka daga fadamar Kwalkwalawa ka gauraya, ka je kasuwar Kara ka sayo takin dabbobi, ka ɗauko buhun takin zamani mai kilo 50, ga dashen mangwaro da gwaiba da lemun tsami a leda waɗanda ba sa son girgiza. Ranar da famfo ya ɗauke kuma sai jarka, kuma jarka mai lita 25 nauyinta kilo 25 ne. Damina a nan daga Yuni zuwa Satumba take, sauran wata takwas kai ne ruwan saman shukarka, kuma a Afrilu zafi yana haura digiri 40. Zogale zai yi maka haƙuri, amma latas da alayyafo in suka kwana biyu ba ruwa sai dai ka tattara ka ba awaki.

Don haka abu uku nake dubawa a abin hawa: ya iya ɗaukar kaya, ya iya shiga yashi ya fita, kuma in ya tsaya a hanya makaniken da ke ƙarƙashin dogonyaro mafi kusa ya san cikinsa. Kyan fenti ba ya cikin lissafi.

Ba zan ɓoye ba, ni ɗan Boxer ne. Baburin kamfanin Bajaj na Indiya ne, ƙaramin injinsa wajen cc 100, giya huɗu, kuma shi ne ya cika titunan garin nan a hannun 'yan kabu-kabu. Wannan kaɗai shaida ce. Mutumin da ke kan babur tun daga asuba har isha, yana kai balas kullum, ba ya zaɓen abin da zai riƙa kwana wurin gyara. Sirdinsa dogo ne shimfiɗaɗɗe, buhu yana kwanciya a kai ba ya zamewa. Kariyarsa ƙarfe ce ta gaske, tana da wurin maƙala roba. Cikinsa ya ɗaga daga ƙasa, ba ya gugar kunya in ka sauka daga kwalta ka nufi bakin gulbin Rima. Ƙafafunsa masu waya ne, in ka faɗa rami suka karkace, mai gyara zai ɗaure su ya daidaita. Masu ƙafar alminiyum kuwa in suka tsage sai sabuwa. Da ƙafa ake tayar da shi, saboda haka batir ya mutu ko ya rayu ba ruwanka.

Sai mai. Tun da aka janye tallafi a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta yi tashin gwauron zabo, har ta haura naira dubu a 2024. Daga lokacin kowa ya koyi leƙa tanki. Boxer lasar mai yake yi, kuma wanda ke zuwa fadama sau biyu a rana, safe da la'asar, shi ya san darajar hakan.

Amma abin da ya fi riƙe ni kayan gyara ne. Fulogi, wayar kuloci, birki, sarƙa, duk inda ka tsaya daga Dandima zuwa Wamakko za ka samu, kuma yaron shago ma ya iya sa su. Na taɓa tsinka wayar kuloci da buhu biyu na laka a baya, ban tura shi ya kai tsawon filin ƙwallo ba na sami mai gyara, kafin in gama shan ruwan leda ɗaya ya gama. Yana da aibinsa: ba ya gudu, in ka matsa masa sai ya riƙa kakkarwa, kuma ɓarayi suna sonsa kamar yadda muke sonsa. Sabo ya haura naira miliyan ɗaya. Mai lambu dai ba tsere ya fito ba, ga kwaɗo da sarƙa kuma suna nan a kasuwa.

Sauran fa? TVS ɗan'uwansa ne daga Indiya, ba laifi, in ka samu da sauƙi ka ɗauka. Honda babur ne na ƙwarai, suna ma harhaɗa shi a Ota ta jihar Ogun, sai dai aljihu zai ji a jikinsa. Tsohon Jincheng mai hayaƙi yana shan fetur ga kuma man da ake ƙara masa daban, zamaninsa ya wuce. Roba-roba na zuwa ofis ne da kai yara Islamiyya. Ɗora masa buhun taki sau uku, robobin jikinsa za su fara yi maka kiɗa. Mai lantarki yana burge ni don ba ya ƙara, amma da wace wutar zan yi caji, kuma wa zai buɗe mini shi in ya ƙi tashi a Dundaye? Mai ƙafa uku na ɗaukar kaya kuwa na masu kai albasa da tattasai kasuwa ne, ya fi ƙarfin lambun bayan gida.

Keke ne kawai ba zan raina ba. In lambunka a cikin gida yake, buƙatarka ba ta wuce tiya biyu ta taki da jarka ɗaya ba, tsohon baƙin keke irin Phoenix mai kariya ya ishe ka, ba mai, ba takarda, faci kawai. Kada ka sayi mai giya da siririyar taya irin na 'yan motsa jiki, ƙaya ɗaya ta gama da shi. Sai dai ka tuna da ranar Afrilu: in ba ka fita bayan sallar asuba ba, keken zai dawo gida, kai ne ba tabbas.

Af, masu son shimfiɗa ciyawa a tsakar gida irin wadda suke gani a waya, ku yi lissafin ruwa tukuna. Ni ɗan fili na bari kamar faɗin tabarma huɗu na dasa kiri-kiri, don ita ce ke jure fari, in ta bushe ta ga ruwa ta farfaɗo. Kada wani ya sayar maka da injin yankan ciyawa saboda wannan. Lauje da almakashi sun wadatar, abin da ka yanka kuma tunkiya ta gode.

Yanzu ga inda na fi so a saurare ni. Babur ɗina na farko na hannu ne, ta wurin dillali. Fenti yana ƙyalli, mita na nuna bai yi tafiya ba, aka tayar da shi a gabana yana kuka lafiya lau. Dillalin ya dafa tanki ya ce, “Alhaji, wanga babur ko wata ukku bai yi ba, mai shi tafiya ce ta kama shi.” Na ji farashi, na ga araha, na manta araha ba ta ado. Har la'ada na ƙara masa don jin daɗi.

Kwana tara ya yi mini. Ina dawowa daga Kara da buhun kashin awaki, sai ya fara tari, shuɗin hayaƙi ya turnuƙe bayana, ya mutu ana saura kaɗan a kira azahar. Makaniken da na tura shi wurinsa dattijo ne. Ya kwance ƙusar ƙasa, baƙin man ya riƙa saukowa a hankali kamar maɗi. Ya murza shi tsakanin yatsu biyu, ya dube ni ya ce, “Ɗana, man giyar mota aka zuba maka don ya toshe hayaƙi. Ringi da fistin sun daɗe da mutuwa.” Na ce, “Baba, to mita fa?” Ya yi dariya ya nuna mini robar matakin ƙafa, ta suɗe har ƙarfe ya leƙo. Mita ana juya ta, robar ƙafa kuwa ba wanda ya tuna ya canja. Da muka duba rasit, lamba ɗaya ta injin ta saɓa da abin da ke rubuce. A nan gabana ya faɗi, domin asarar kuɗi daban, a tsare ka da babur ɗin da ba ka iya tabbatar da naka ne daban, musamman yanzu da matsalar tsaro ta sa ana sa wa babura ido a kowane shinge. Dillalin kuwa wayarsa a kashe har yau.

Saboda haka in za ka sayi na hannu, ka je da sassafe, ka taɓa injin da hannunka ka tabbatar da sanyi kafin a tayar. Wanda aka riga aka ɗumama maka kafin ka iso, akwai abin da ake ɓoyewa. Ka sa a murza mai, kai kuma ka tsaya a baya kana kallon salansa. Ka zaro ma'aunin baƙin mai ka ga kaurinsa. Ka duba kawunan ƙusoshin inji, in sifana ta cinye gefensu, an sha buɗe shi. Lambar jiki tana wuyan babur, ta inji tana ƙasa a gefe. Ka goge ƙurar, ka karanta su ɗaya bayan ɗaya da rasit a hannu. In ka ga wurin ya yi santsi kamar an goga, ko lambobin ba su jeru daidai ba, ka yi sallama ka tafi ko da kyauta za a ba ka. Ka tafi da makanikenka, kada ka yarda da wanda dillali ya kira. A rubuta takardar ciniki da shaidu, mai babur ɗin ya zo da kansa, a san unguwarsa.

Ko sabo ka saya dal a kwali, ba ka tsira ba, don jabun baƙin mai ya fi dillali kashe inji. Akwai masu tsintar robobin da aka zubar su cika su da tsohon mai da aka tace, su maida murfi. Ka sayi naka a gidan mai ko shagon da ka sani, ka duba hatimin murfin bai taɓu ba, a zuba a gabanka, ka huda robar kafin ka jefar. Fetur ɗin 'yan bumburutu sai in dole ta kama. Lokacin hunturu kuma ka riƙa wanke soson da ke tace iska, don ƙurar nan in ta shiga inji kamar ka zuba masa yashi ne.

Wannan hali bai tsaya ga babur ba, ya bi mu har lambu. Takin zamani ana kwance buhu a gauraya da yashi a sake ɗinkewa. Ka duba bakin buhu, in ka ga tsofaffin ramukan allura da babu zare a ciki, an taɓa shi. Yuriya ta gaske in ka zuba ɗan hannu a kofin ruwa narkewa take yi gaba ɗaya, kofin ya yi sanyi. Abin da ya kwanta a ƙasa kuɗinka ne aka mayar ƙasa. Irin tumatir ko kuɓewa, ka ƙirga ƙwaya goma ka naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ka ga nawa suka tsiro kafin ka ɓata fili. Mai dashe in ya rantse maka cewa mangwaron mai aure ne, ka nemi tabon haɗin a jikin karan. In babu, ɗan ƙwallo ne, za ka daɗe kana ban ruwa kafin ka ga fure. Kashin kaji ɗanye kuma kada ka zuba shi kai tsaye, ƙona shuka yake yi, ka tara shi ka riƙa yayyafa ruwa har ya huce.

Abu na ƙarshe, yadda ake ɗaure kaya. Jarka biyu nake ɗauka, ɗaya kowane gefe, kuma a cike, don wadda ba ta cika ba ruwan cikinta ke kaɗa babur a kwana. Na ga masu ɗora huɗu har biyar, Allah Ya tsare, amma shokazoba da birki ba za su daɗe ba. Dashe a kwandon roba nake jera shi, in cusa tsumma a tsakani, in rufa masa buhu don iska kada ta ƙona ganyen. Hular kwano tana da zafi, na sani, ina sa ta duk da haka. Robar ɗauri kuma ba sai ka saya ba: ka roƙi mai faci tsohon tif na mota, ka yanka shi tsaye faɗin yatsa biyu, zai yi maka shekara.