Waya ko tsohuwar kwamfuta: wacce ɗalibin kimiyya zai saya a Kano?

Ɗalibin lissafi ko injiniyanci a BUK wanda kuɗinsa ba za su kai ya sayi waya da kwamfuta a lokaci guda ba, dole ya zaɓi ɗaya. Kafin ya shiga Farm Centre ya fara tambayar kyamara, akwai abin da ya fi muhimmanci ya sani: manhajar da malami ya ce a yi aiki da ita, za ta tashi a na'urar da zai saya?

Manhajojin kimiyya na kyauta irin su Python, R, GNU Octave da QGIS, tun asali don kwamfuta aka yi su. Waya kuwa furosesar ARM gare ta, ga dokokin Google da Apple, don haka sai masu aikin sa kai sun zauna sun sake gina kowace manhaja kafin ta yi aiki. Python ma sai a fitowa ta 3.13, a watan Oktoban 2024, ya amince da Android da iOS a hukumance.

Android ce ta fi buɗe ƙofa, saboda Termux, manhajar da ke ba ka damar rubuta wa waya umarni kamar a kwamfuta. Da shi za ka sa Python da NumPy da Octave, ka kuma ɗora Debian, wani nau'in tsarin kwamfuta na Linux, a ciki idan R kake so. Daga F-Droid, wani rumbun manhajojin Android na kyauta, ake sauke shi. Amma a nan ne mutane suke asarar kuɗi. Wayoyi masu araha da yawa, musamman masu Android Go, wato Android ɗin ƙananan wayoyi, a tsarin 32-bit suke tafiya ko da furosesarsu ta 64-bit ce, kuma wasu kayan aikin ba sa samuwa a wannan tsarin. Kwalin wayar ba zai faɗa maka ba, mai shago ma sau da yawa bai sani ba. Ka roƙe shi ya bari ka sa Termux, ka rubuta uname -m, umarnin da ke nuna tsarin da wayar take kai. Idan aarch64 ya fito, 64-bit ce, madalla. Idan ka ga armv7l ko armv8l, 32-bit ce, ka ajiye ta, komai kyanta. Ni dai ba zan ba wa ɗalibi shawarar ƙasa da giga 6 na RAM ba. Sannan daga Android 12 zuwa sama, wayar tana kashe aikin da ya daɗe yana gudana a bayan fage, sai ka dawo ka tarar lissafin ya tsaya a tsakiya. A zafin watan Afrilu kuwa, wayar da kanta take rage gudu idan ta ɗau zafi.

iPhone tana da Carnets da a-Shell, manhajojin da ake yin Python a cikinsu, duka kyauta, suna aiki ba tare da data ba. Sai dai abin da aka haɗo maka da shi, kusan shi ke nan, ba ka da 'yancin ƙara duk abin da kake so. Kuɗinta sun yi yawa a kan wannan ƙuncin.

Google Colab, shafin da ake yin Python ta intanet, yana aiki a kowace waya, tunda lissafin a kwamfutocin Google ake yin sa, amma ranar da data ta ƙare aiki ya tsaya.

Idan aikinka na kammala digiri yana buƙatar dogon lissafi ko zana taswira da QGIS, gaskiya tsohuwar kwamfuta ta hannu daga Beirut Road ta fi maka. Mai Core i5 da giga 8 da SSD ta wadatar, amma ka zare caja a gaban mai shago ka ga yadda batirin yake riƙe wuta.

Inda waya ta yi wa kwamfuta fintinƙau shi ne aikin fili. QField yana ɗaukar taswirar QGIS ya kai ta gona, ODK Collect da KoboCollect suna tattara amsoshin tambayoyi ko babu sabis, phyphox na jami'ar RWTH Aachen ta Jamus kuma yana auna motsi da sauti da na'urorin cikin wayar. Mai zuwa Kadawa auna filayen noman rani, GPS mai kyau da babban batiri zai nema, ya kuma gwada hasken fuskar wayar a tsakar rana kafin ya biya.